Daga Rediyon Fijo Zuwa Tiraka: Waiwaye Kan Wayarin Mota A Ƙasar Mafara

Akwai ƙorafi guda da masu wayarin mota a Talata Mafara da Bakura da Maradun suka saba ji daga bakin direbobi: mota tana lafiya lau, aka ƙara mata wani abu, daga nan ta rikice. Wani fitila ya sa, wani sifika, wani allon kallo, wani kuma tiraka. Kafin mako ya zagayo batir ya fara kwana babu wuta, ko fiyus ya riƙa ƙonewa, ko inji ya riƙa ɗaukewa ana tsakiyar tafiya. Wannan ƙorafi ya kusa shekara 50 tare da mu. A tsawon wannan lokaci mota ta tashi daga ƙarfe mai 'yan wayoyi kaɗan ta koma na'ura mai kwamfuta a ciki, amma hannun da ke fere waya ya murɗa ta da 'yar'uwarta ya naɗe da baƙin tef yana nan kusan yadda yake. Tazarar da ke tsakanin biyun ita ce tushen mafi yawan wahalar da muke sha.

Zamanin Fijo da kaset

Motoci sun yi yawa a wannan yanki ne a shekarun 1970, lokacin da abubuwa biyu suka haɗu. Na farko shi ne aikin madatsar ruwa ta Bakolori, wadda kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya gina a kan Gulbin Sakkwato daga 1974 zuwa 1978. Aikin ya kawo manyan motoci da taraktoci da injunan haƙa, ya kuma kawo albashi da masu gyara. Na biyu shi ne kamfanin harhaɗa Fijo na Kaduna, wanda ya fara fitar da motoci a 1975. Cikin 'yan shekaru 404 da 504 da a-kori-kura suka mamaye hanyar Gusau zuwa Sakkwato, suna dakon mutane da buhuna zuwa kasuwar Mafara duk ranar Talata.

Wutar motar wancan zamani ba ta da wani sarƙaƙiya. Akwai batir mai bolt 12, da altaneta da ke ba da amfiya 35 zuwa 50, da kik, da kwayil, da fitilu, da ham, da 'yan fiyus da za a iya ƙirgawa da yatsu. Yaron gareji mai basira kan haddace hanyar kowace waya tun kafin a yaye shi. Kayan aikinsa kuma ba su wuce filaya da sukundireba da ƙwan gwaji mai waya biyu ba. Ya ɗora waya ɗaya a jikin ƙarfen mota, ya taɓa ɗayar a inda yake zargi. In ƙwai ya kama akwai wuta, in bai kama ba ya bi wayar baya har ya ga inda ta katse.

Abin da aka fara ƙara wa waɗannan motoci shi ne rediyo mai kaset. Direban da ke jigila tsakanin Maradun da Mafara yana so ya ji labaran Rediyon Kaduna da Rima, yana so ya sa waƙoƙin Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, mawaƙan da wannan ƙasa ta haifa, in azumi ya zo kuma ya saurari tafsiri. Bayan rediyo sai fanka a kan dashbod, sai ham mai iska, sai ƙarin fitilu biyu a gaban bamba saboda tafiyar dare. Tun a lokacin matsalolin suka fara bayyana. Wanda ya jawo wa rediyonsa wuta kai tsaye daga batir, ya manta bai kashe ba, da safe sai an tura mota. Wanda ya ajiye wayar rediyo kusa da kwayil zai riƙa jin ƙara a sifika, tana hawa tana sauka da totur. A manyan motoci masu batir biyu, wato bolt 24, an sha jan wutar rediyo daga batir ɗaya kawai don a sami bolt 12, abin da ke sa ɗayan ya riƙa ramewa ɗayan kuma yana shan cajin da ya fi ƙarfinsa, har su mutu kafin lokacinsu.

Sai dai Fijo mota ce mai haƙuri. Kuskure a wayarinta ba ya wuce fiyus ya ƙone ko waya ta narke. A canza, a ci gaba da tafiya. Daga wannan haƙuri nata aka gaji ɗabi'u guda biyu da har yau ba su bar mu ba. Ta farko ita ce naɗe fiyus ɗin da ya ƙone da silin waya ko takardar kwalin sigari mai ƙyalli. Ta biyu ita ce zare kan batir inji na aiki don a gane ko altaneta na caji.

Shigowar motocin Kwatano

A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, sabuwar Fijo ta fi ƙarfin ma'aikaci da direban haya. Daga nan kasuwa ta koma hannun motocin da aka yi amfani da su a Turai, waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano a shigo da su. Golf da Vectra da Sharon da Toyota iri-iri suka maye gurbin 504 a tashoshinmu. Ƙirƙiro Jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoba, 1996, da dawowar mulkin farar hula a 1999, sun ƙara yawan ma'aikata da 'yan siyasa da 'yan kwangila, kowa da motarsa.

Waɗannan motoci sun zo da abin da tsofaffin masu wayarin ba su koya ba. Kafireta ta ba injekta wuri. Famfon mai ya koma na lantarki, ya shige cikin tanki. Aka sami kwamfuta, wadda makanikai ke kira biren-bos, tana karɓar saƙo daga na'urorin awo da ke jikin inji, tana yanke yawan man da za a fesa da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Yawancin waɗannan na'urorin awo da bolt 5 suke aiki, ba 12 ba. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a ƙasarta soket ɗin gwaji iri ɗaya, wato OBD-II, Turai kuma ta bi sahu a 2001 ga motoci masu fetur. Kamfanin Bosch na Jamus ya fito da tsarin CAN a 1986, wanda ke ba kwamfutocin mota damar yin magana da juna ta wayoyi biyu da aka murɗe tare, kuma a hankali ya zama ruwan dare.

Ma'anar wannan ita ce ba kowace waya ce a cikin mota ke ɗauke da wuta ba. Wata saƙo take ɗauke da shi. Ƙwan gwajin da ya yi wa Fijo hidima yana iya lalata kwamfuta in aka soka shi a wayar saƙo. Zare kan batir inji na aiki yana sa wutar altaneta ta yi tsalle sama nan take, kuma sau da yawa kwamfuta ce ke biyan kuɗin sabulu. Wayoyi masu rigar rawaya da ke ƙarƙashin sitiyari da kujeru na jakar iska ne, wadda ke buɗewa lokacin haɗari, kuma taɓa su da ka yana iya fasa jakar ko ya hana ta aiki ranar da ake bukatarta.

A daidai lokacin da mota ke ƙara laushi, mu kuma muka ƙara mata kaya. Kamfen ya zo da motoci masu lasifika a saman rufi da amfilifaya a kujerar baya. Matasa suka shiga sa manyan sifiku a but don waƙoƙin finafinan Hausa. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, kuma da ta iso garuruwanmu, inda wutar NEPA ba ta da tabbas, ramin kunna sigari na mota ya zama wurin cajin gida guda. Direbobin dare suka cire ƙwai mai wat 55 suka sa mai wat 100.

Lissafin wannan ƙwai kaɗai ya isa darasi. Mai wat 55 yana jan kusan amfiya 4 da rabi, mai wat 100 kuma kusan amfiya 8. Fitilu biyu ke nan sun tashi daga amfiya 9 zuwa 16, ta cikin waya da makunnin da aka ƙera don tsohon nauyi. Shi ya sa soket ɗin bayan fitila ke narkewa, makunnin da ke jikin sitiyari ke zafi har ya daina aiki. Maganin kuma ba tsada gare shi ba: a jawo waya mai kauri daga batir, a sa mata fiyus nata a kusa da batir, a sa rile, a bar tsohon makunni ya riƙa kunna rilen kawai.

Manomin Bakolori ba ya bukatar dogon bayani a nan. Ruwan da ke cikin kanal iyakarsa ke nan. In kowa ya fasa gefe ya ja zuwa gonarsa, na ƙarshen layi ƙasa busasshiya zai tarar. Altaneta ma iyakar abin da take iya bayarwa ke nan, musamman in mota na tsaye a tasha inji na juyawa a hankali. Duk abin da aka ja fiye da haka daga batir yake fita, kuma batirin da ake yawan zuƙewa, a zafin bazararmu da ke haura digiri 40, ba ya daɗewa.

Akwai kuma wani tarko da ya shafi Golf da Vectra musamman. Rediyon kasuwa yana zuwa da wayar rawaya da ke son wuta kullum don ya riƙe tashoshi da agogo, da jar waya da ke son wuta sai an murɗa makulli, da baƙa ta at, wadda ke komawa jikin ƙarfen mota. A motocin Volkswagen da Opel da yawa, matsayin wayoyin biyu na farko a soket a juye yake. Mai sa rediyo ya jona, ya ga rediyon yana mantuwa da tashoshi duk lokacin da aka kashe mota, sai ya haɗa rawaya da ja wuri guda ya ba su wutar kullum. Rediyo ya daina mantuwa, amma ya daina barci, batir kuma ya fara mutuwa da dare.

Zamanin tiraka da allo

Daga wajen 2011 matsalar tsaro ta fara tsananta a Zamfara, kuma ta sauya irin kayan da ake ƙara wa mota. Aka koma sa ƙararrawar ɓarayi, da ɓoyayyen makunnin yanke mai, da tiraka mai layin waya a ciki. Daga 1 ga Fabrairu, 2017, hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu. Aka kuma shiga yayin allon Android da kyamarar baya da fitilun LED masu farin haske.

Wannan rukuni ya bambanta da na baya ta fuska mai muhimmanci. Rediyo da sifika wuta kawai suke sha. Tiraka da ƙararrawa da makunnin ɓoye kuwa sau da yawa sai an yanka wayar famfon mai ko ta kunna inji an ratsa ta cikinsu. Kenan rayuwar injin ta rataya a kan ƙaramin rile guda da mahaɗa biyu. In da murɗawa da tef aka haɗa su, girgizar hanya za ta sassauta su, zafi zai narkar da gam ɗin tef, ƙurar hunturu da damshin damina su shiga. Ran nan mota za ta mutu ba tare da wata alama ba, ta kuma tashi bayan minti goma kamar ba abin da ya faru. Da yawa sun sayi sabon famfon mai, wasu har kwamfuta, alhali laifin yana cikin wani dunƙulen tef a bayan dashbod. Lokacin da aka katse layukan sadarwa a jihar a watan Satumba na 2021, masu tiraka sun ga wani gefen lamarin: na'urar da ke riƙe da wayar mai tana nan a jone tana shan batir, amma babu hanyar aika mata umarni.

Fitilun LED su ma sun zo da nasu. Ba sa jan wuta da yawa, don haka motar da ke lura da fitilunta sai ta ɗauka ƙwai ya mutu, ta kunna gargaɗi, ko sigina ta riƙa ƙyaftawa da sauri. Masu araha daga cikinsu, da cajojin waya marasa inganci, suna fitar da ƙarar da ke dagula rediyo. Wayar da ake sayarwa a kasuwa ma ba duka ce jan ƙarfe ba. Akwai ta alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, wadda ba ta ɗaukar wuta kamar ta ainihi, tana zafi, tana kuma saurin karyewa. Araha ba ta ado.

A hanyar da ta tashi daga Mafara zuwa Maradun, ko wadda ta ratsa daga Lambar Bakura ta shiga gari, mutuwar mota da magariba ta wuce batun ɓata lokaci. Kowa a nan ya san abin da tsayuwa a daji ke iya jawowa. Wannan ne ya sa wayarin mota, wanda a da ake ɗauka ƙaramin aiki ne da kowane yaro zai iya, ya zama batun kare rai.

Yadda ƙwararre ke bin sawun matsala

Gogaggen mai wayarin ba ya fara da kwance kaya. Tambaya yake fara yi: "Alhaji, mi anka sa ma motar ga kwanan nan?" In an ce allo ne ko tiraka, sai ya cire abin gaba ɗaya daga wuta, ya mayar da wayoyin yadda suke, ya ga ko ciwon ya tafi. Wannan mataki kaɗai yana warware rabin rigimar.

Daga nan sai ya ɗauko mita. Batir mai lafiya da ya huta yana nuna kusan bolt 12.6. In an tayar da inji ya kamata ya hau tsakanin 13.8 da 14.4. In an kunna fitilu da na'urar sanyaya mota da sifika lissafin ya faɗo ƙasa da 13, kayan sun fi ƙarfin altaneta, ko kuma ita kanta ta gaji.

In ƙorafin mutuwar batir ne da dare, sai ya kashe mota, ya zare makulli, ya rufe ƙofofi, ya cire kan batir na baƙar waya, ya ratsa mita a tsakani tana auna amfiya. Ba ya gaggawa, don sabbin motoci kan ɗauki mintuna kafin kwamfutocinsu su kwanta. Motar da ke lafiya ba ta cika wuce miliamfiya 50 ba. In ya ga 300 ko 500, sai ya tsuguna gaban akwatin fiyus, yaronsa na riƙe da mita yana faɗa masa lamba, shi kuma yana zare su ɗaya bayan ɗaya yana mayarwa. Wanda aka zare lamba ta faɗi, a layinsa ɓarawon yake. In an zare duka lamba ba ta motsa ba, to akwai wayar da aka jawo kai tsaye daga batir babu fiyus, ko kuma altaneta ce ke zubar da wuta ta ciki. Allon da ke jan rabin amfiya yana shan amfiya-awa 12 a awa 24, abin da ya isa ya hana batir mai amfiya-awa 60 tayar da mota cikin kwana biyu ko uku.

Sai batun at. Fitilar da ke dusashewa in an danna ham, ko allon da ke ɗaukewa in an taka birki, sau da yawa wutar zuwa lafiyarta lau, hanyar komawarta ce ta toshe. An ɗaure baƙar waya a kan fenti, ko a kan noti mai tsatsa. A kankare wurin har ƙarfe ya fito fes, a ɗaure da kyau, ciwo ya warke.

Fiyus kuwa launinsa ke faɗin ƙarfinsa: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Aikinsa shi ne ya ƙone kafin waya ta ƙone. Duk wanda ya cire ja ya sa kore, ko ya naɗe shi da silin waya, bai gyara komai ba, ya dai mayar da gobarar daga cikin akwati zuwa bayan dashbod, inda roba da soso suke. Fiyus ɗin da ya ƙone sau biyu a jere yana sanar da kai cewa akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe, ko an ɗora wa layin abin da ya fi ƙarfinsa.

Abin da ke gaba

Ba a gama ƙara wa mota kaya ba. Tun bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, gwamnatin tarayya ke ƙarfafa mayar da motoci su yi aiki da iskar gas, kuma wannan aiki yana bukatar a ratsa wayoyin injekta a ƙara wata kwamfuta a kan ta asali. Duk sakacin da aka yi wa rediyo aka tsira, in aka yi shi a kusa da tukunyar gas, sakamakon daban ne.

Muna da inda za mu fara. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau tana nan Talata Mafara, akwai kuma iyayen gida a garejojinmu da suka shafe shekaru suna wannan sana'a, waɗanda suka san motocin hanyar nan fiye da kowane littafi. Ya dace a haɗa su wuri guda ta gajerun kwasa-kwasai da Hausa, inda yaro zai koyi karanta taswirar wayarin, da aiki da mita da na'urar gwaji, da haɗa waya da matsi ko dalma. Ƙungiyoyin direbobi da na makanikai da ƙananan hukumomin nan uku za su iya ɗaukar nauyin wannan ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba.

Kai kuma mai mota, kafin ka miƙa makulli a sa maka wani abu, ka yi tambaya huɗu: daga ina za a jawo wutar, ina fiyus ɗinsa, yana bukatar rile, kuma wace waya za a yanka? Ka tsaya ka ga aikin da idonka, ka sa a nuna maka inda aka ɓoye mahaɗar don ka iya faɗa wa wani mai gyaran gobe. Ka biya kuɗin waya mai kyau, kada kuma ka sa sabon kaya yau ka kama doguwar hanya gobe da dare. Wanda ya kasa amsa waɗannan tambayoyi huɗu bai cancanci ya taɓa wayarin motar da za ta ɗauki iyalinka ba.